Ikon Rufe Ƙofa: Baƙi 'Yan Yawon Buɗe Ido a Ƙauyukan Kogi na Kolombiya



Kada sunan ya kai ku Lokoja. Kogin da nake nufi wata ƙabila ce a arewacin Kolombiya, a tsaunukan Sierra Nevada de Santa Marta, waɗanda suka taso daga bakin tekun Karibiyan suka kai tsayin mita 5,700. A harshensu Kaggaba suke kiran kansu. Jikokin mutanen Tairona ne da suka haye dutse bayan Sifaniyawa sun mamaye gaɓar teku, kuma wannan nesanta kai shi ya tsare musu harshe da al'ada ɗaruruwan shekaru.

Yau baƙo ya iske su har gida. A shekarun 1970 masu tonon kaburbura don neman zinariya suka faɗa kan kufan Teyuna, tsohon birnin da ake kira Ciudad Perdida da Sifaniyanci, wato Ɓataccen Birni. Masu yawon buɗe ido kan yi kwana huɗu ko biyar a ƙafa, zuwa da dawowa, su hau matakalar dutse kimanin 1,200. Hanyar kuwa ta ratsa gefen ƙauyen Mutanzi.

Me baƙon yake gani? Zagayayyun bukkoki na laka da rufin ciyawa, yawanci ba kowa a ciki, domin iyalai suna gonakinsu, sai taro ko ibada ke tara su. In ya yi sa'a ya ga namiji cikin farin saƙi, riƙe da poporo, ɗan ƙaramin duma mai garin ƙonannen ɓawon katantanwar teku. Yana tauna ganyen koka, ya tsoma tsinke ya lasa, sannan ya goga tsinken a wuyan duman har farar ƙasar ta yi kauri. Baƙo kan ɗaga kyamara. Ga mai duman kuwa, wannan shaidar balaga ce, kuma lokacin tunani ne. In maza biyu suka haɗu, gaisuwarsu ita ce kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ganye a jaka. Hoto ba ya ɗaukar wannan ma'ana, sai an sami ɗan gari ya yi bayani da bakinsa.

Kamfanoni da yawa suna tallar cewa tafiyarsu ta al'umma ce. Ma'aunin da na fi yarda da shi ɗaya ne: shin mutanen gari suna da ikon cewa yau ba a shiga? A nan Kogi sun yi abin a yaba. Da su da maƙwabtansu Arhuaco, Wiwa da Kankuamo, sun sa ana rufe gandun dajin Tayrona da ke yankinsu sau uku a shekara domin ƙasa ta huta, limamansu da ake kira mamo su yi ayyukansu. Teyuna ma akan rufe shi a watan Satumba. Dokar gwamnati mai lamba 1500 ta 2018 ta amince da wurare masu tsarki 348 a kan iyakar ƙasarsu ta gado da suke kira Baƙin Layi, sannan a 2022 UNESCO ta sa iliminsu na gargajiya cikin gadon 'yan Adam.

Duk da haka raina bai kwanta ba. Kuɗin shiga yana taimaka wa al'umma, amma yaron da ya saba tsayawa bakin hanya yana jiran alawar baƙo ya fara koyon abin da kakanninsa ba su sani ba. Mutanen nan suna kiran kansu yayye, mu kuma ƙanne masu ɓata duniya. Sun faɗi haka a fim ɗin Alan Ereira na BBC a 1990, suka maimaita a fim ɗin Aluna a 2012.

Roƙona ga masu shirya irin wannan ziyara: jagora ya zama ɗan gari, kuɗi ya shiga hannun hukumar al'umma, kada a ɗauki hoto sai da izini, kuma ranar da mamo ya ce a tsaya, a juya da baƙi.