Yaushe Rabonka Da Jin Kukan Kanari A Dawa?

Yau hirar tamu ta tsuntsaye ce, kuma daga nesa zan ɗauko ta kafin mu dawo gida Daura.

A tekun Indiya, gabas da Afirka, akwai ƙasar Seshels mai tarin tsibirai. Suna da wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya, girmansa kamar na gwara. A 1968 waɗanda suka rage a duniya kaf ba su wuce 30 ba, duk a ƙaramin tsibirin Kuzan. Me ya cinye su? An sare dajinsu an shuka kwakwa. A shekarar ne ƙungiyar da yanzu ake kira BirdLife International ta sayi tsibirin, aka rage kwakwar, aka bar itatuwan asali suka dawo. Da suka yi yawa, aka kai wasu tsibiran maƙwabta daga 1988. Yau sun kai wajen 3,000.

Kun ga dai, ba keji aka sa su ba. Gidansu aka mayar musu.

To mu dawo gida. Mu nan muna son kanari, shi ya sa ake ɗana masa tarko a kai kasuwa. Ga yara da danƙo, ga masu gawayi suna kwantar da gawo da tsamiya da kurna, tun daga Baure har Mai'aduwa. Tsuntsun da babu inda zai yi sheƙa, ina zai yi ƙwai? Kada wani ya ce ai suna da yawa. Haka aka riƙa faɗa a kan ungulu. Tambayi mahautan garinku yaushe rabonsu da ganin ta cika mayanka. Tun 2015 tana jerin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa a duniya.

Kuma asarar tamu ce. Tsuntsaye da yawa da ƙwari da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu, su ɗin nan masu cin amfanin gona. Ungulu kuwa ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe.

Maganin bai yi nisa ba. Ka haye iyaka ta Kwangwalam ka shiga Matamai ko Magarya a Nijar, ka ga gawo cikin gonaki. Tun shekarun 1980 manoman Damagaram da Maraɗi ke barin tohon itace lokacin sassabe, su rage rassa su bar mai ƙarfi. Da haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Ƙasarmu iri ɗaya, ruwan samanmu ɗaya.

Don haka abu uku nake roƙonmu. In ka je sharar gona bana, bar toho ko biyar. Kada ka sayi kanarin da aka kamo a dawa, domin sai da mai saye ake ɗana tarko. Sannan ƙaninka mai danƙo, zaunar da shi ka yi masa bayani, ba sai da duka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.