Gani Ya Kori Ji: Jawabi Ga Matasanmu Masu Sana'ar Ƙawata Gidaje Da Shuke-Shuke



Tun da aka mayar da babban birnin tarayya zuwa Abuja a shekarar 1991, sana'ar dashen itatuwa da furanni da ciyawa a gidaje da ma'aikatu take bunƙasa. Lambun shaƙatawa na Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disambar 2003, ya ƙara nuna wa masu hali ƙimar wannan aiki. Da yawa daga cikin 'ya'yan garin nan da ita suke ci da iyalinsu a Abuja da Kaduna da Kano.

Sai dai muna ganin aikin a hannunsu yake, amma kwangilar takan tafi ga wani ɗan tsakani wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Dalili kuwa a fili yake. Maɗinki yana iya ɗauko riga ya nuna, shi kuwa mai lambu aikinsa yana bayan katangar wani. Hoto shi ne kaɗai shaidarsa, kuma ɗan tsakanin nan da hoto ya riga shi.

Saboda haka muke ba da shawara kamar haka. A ɗauki hoton fili tun kafin a sa masa hannu, sannan a koma daidai inda aka tsaya a sake ɗauka bayan shuka ta kama. Waɗannan hotuna biyu, idan aka jera su, sun fi dogon bayani gamsar da mai gida. A ɗauka da sanyin safiya ko gab da faɗuwar rana, domin ranar tsaka takan dusashe launin fure ta kuma jefa baƙar inuwa, hazon hunturu kuwa yakan lulluɓe komai da ƙura. A kawar da tiyo da baro da buhunan taki tukuna.

Abin da muka fi so a riƙe shi ne lokaci. A watan Agusta ko kufai kore ne. Wanda ya nuna hoton lambunsa yana kore shar a watan Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta, shi ne ya tabbatar da cewa ya san ban-ruwa, ya kuma san shukar da ke jure wa ƙasarmu.

Sannan a kiyaye amana. Kada a ɗauki cikin gidan mutum sai da izininsa, kada iyalinsa ko lambar motarsa su fito. Kada kuma a kwaso hoton aikin wani daga intanet a ce na kai ne, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wayar hannu ta isa ga tallan yau da kullum a WhatsApp da Facebook, amma babbar ma'aikata takan nemi kundin ayyuka mai tsafta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muna roƙon ƙungiya ta haɗa waɗannan matasa su yi karo-karo, a ɗauko ƙwararren mai hoto sau biyu a shekara, da damina da kuma bazara, kowa ya fito da kundi mai ɗauke da sunansa.

Allah Ya sa albarka a cikin neman halal ɗinmu, Ya ɗaukaka wannan gari namu.