Saƙa Ba Ta Ƙare A Bakin Kwarashi: Jawabi A Taron Shekara Na Ƙungiyarmu



Ɗazu na zaga rumfar da matan garinmu suka baje saƙarsu ta kwarashi, wato 'yan shimfiɗun nan da ake ɗorawa bisa tebur da bayan kujera. Saƙar ta yi kyau, babu ido ɗaya da ya kuskure. Amma da yawansu gefe ya nannaɗe, tsakiya ta tashi kamar faifan da ya sha ruwa. Na ga wata baƙuwa ta ɗaga ɗaya, ta juya shi, ta ajiye. Aikin mako guda ke nan ya rasa mai saye saboda aikin awa ɗaya da ba a yi ba.

Kowa a nan ya san mai wankin hula. Yakan wanke ta, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan gungume ta bushe, sannan ta zauna daram a kai. Wannan gatan ne saƙar matanmu ta rasa, alhali hanyar ba ta da wuya.

Da farko a yi saƙar da zaren auduga, domin shi ke shan sitaci. Ulun roba ba ya sha, kuma dutsen guga mai zafi narkar da shi yake yi. A dama sitacin rogo cokali ɗaya da ruwan sanyi kaɗan, a kwara masa tafasasshen ruwa kamar kofi 2, ana motsawa kamar damun koko har ya yi garau. In ya huce a tsoma saƙar wankakkiya, a matse ta a tafin hannu. Kada a murɗe ta, domin murɗa na karkatar da ido. Daga nan a zana da'ira a kan kwali, a rufe shi da farar leda, a shimfiɗa saƙar. A kafa fil a tsakiya, sai gabas da yamma, kudu da arewa, sannan a bi kowane baki a ja shi daidai da zanen. Fil ɗin ya zama marar tsatsa, in ba haka ba zai bar tabon da ba ya fita. A bar ta a inuwa ta bushe ƙayau kafin a cire. Lokacin hunturu 'yan awoyi sun isa, amma da damina sai an yi haƙuri, don ɗanyen sitaci fumfuna yake yi. Masu amfani da ruwan sukari kuwa su daina, gayyatar tururuwa ce kawai.

Ya ku 'yan'uwa mazauna birni, roƙona biyu ne. Na farko, ƙungiya ta saya wa ajin matan nan zaren auduga da fil da kwali, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyu, kowa ya sayi ko da guda ɗaya ya kai ɗakinsa. Baƙon da ya gani ya tambaya, a gaya masa daga inda ta fito. A cikin masu saƙar nan akwai zawarawa da ke biyan kuɗin makarantar marayu da ita.

Allah ya sa albarka a sana'ar matanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.