Kwafin Shari'ar Iyali: Inda Ake Nemansa da Yadda Ake Karɓarsa

Muna godiya ga kwamitin walwala da ya ware mana wannan lokaci domin mu tattauna batun da ba a koyar da shi a kwalejin ilimi, amma yake riskar malami ko yana so ko ba ya so, wato yadda ake neman takardun shari'ar iyali a kotu.

Ta ƙofa uku wannan batu yake shigo mana. Ta farko, idan abokin aiki ya riga mu gidan gaskiya, ofishin fansho ba ya sakin haƙƙinsa sai magada sun kawo takardar kotu da ta nuna wanda aka wakilta ya karɓa. Ta biyu, idan aure ya mutu, rigimar riƙon yara takan biyo su har ƙofar makaranta, uba ya ce a ba shi takardar canjin makaranta, uwa ta ce alƙali ita ya ba riƙo, hedimasta ya rasa na kamawa. Ta uku, mu kanmu masu iyali ne, kuma a ƙauyuka da unguwanni da yawa malami ne ake kawo wa takarda ya karanta, ko a roƙe shi ya rubuta. Hukuncin da alƙali ya furta a zaure gaskiya ne, sai dai idan shekaru suka ja, shaidu suka watse, takardar da ke ɗauke da hatimin kotu ce kaɗai za ta tsaya wa marainiya ko bazawara a gaban ma'aikacin da bai san ta ba.

Matakin farko shi ne sanin kotun da ta yi shari'ar, domin kowace kotu ita ke riƙe da kundinta. Aure da saki da khul'i da riƙon yara da ciyarwa da rabon gado na Musulmi, kotunan shari'a ne ke saurarensu, ƙanana da manya, ko kotunan yanki a jihohin da suka bar wannan suna. Daga nan ƙara kan hau zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba hurumin waɗannan al'amura. 'Yan'uwanmu da suka yi auren rajista kuwa, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba aurensu bisa dokar 1970, kuma hukuncin farko ba ya zama yankakke sai bayan wata uku, saboda haka takarda ta biyu ce ake nema a matsayin shaidar rabuwa. Auren al'ada yana zuwa kotun gargajiya ko ta yanki. Akwai kuma kotun iyali da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanada a matakin majistare da na Babbar Kotu, a jihohin da suka yi tasu dokar suka kafa ta. Takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda kamfanonin fansho da bankuna suka saba nema, sashen gado na Babbar Kotun Jiha ne ke bayar da ita. Kafin a sa ƙafa a hanya, a tambayi ofishin da ya buƙaci takardar ya faɗi sunanta daidai da kotun da yake karɓa daga gare ta. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na biyu shi ne tattara abin da zai sa a gano fayil ɗin. Abu huɗu ake buƙata: sunan kotun da garin da take, lambar ƙarar, cikakken sunan mai ƙara da na wanda aka yi ƙara, da ranar da aka yanke hukunci. Lambar ƙara ita ce mabuɗi, kuma galibi tana ɗauke da shekarar da aka shigar da ƙarar. Wanda ya manta ta, ya duba tsohon sammaci ko rasit ɗin kuɗin shigar da ƙara, yawanci tana rubuce a kai. Idan duk sun ɓace, ma'aikatan rajista za su iya bin littafin shigar da ƙararraki shekara bayan shekara, kuma aikin zai yi sauƙi idan iyali suka tuna lokacin ko da a ƙiyasce, kamar a ce bayan babbar salla ne, a shekarar da ɗan fari ya shiga aji ɗaya. Mu sani cewa sauya wa alƙali wurin aiki ba ya ɗauke fayil, yana nan a kotun da aka yi zaman. Idan an taɓa ɗaukaka ƙara, to, akwai kwafin a kotun sama, wanda kan ceci mai nema idan na ƙasa ya lalace.

Mataki na uku shi ne rubuta takardar nema zuwa ga rajistaran kotun. A ambaci lambar ƙara da sunaye, a bayyana matsayin mai nema a cikin shari'ar, a faɗi abin da ake so da dalilin nemansa. Akwai bambanci tsakanin takardar hukunci, wadda ke ɗauke da abin da alƙali ya yanke, da cikakken kwafin shari'a, wanda ya ƙunshi bayanin kowane zama da maganar shaidu. Makaranta da ofishin fansho takardar hukunci ta ishe su. Mai ɗaukaka ƙara shi ke buƙatar cikakken kwafi, wanda ya fi tsada kuma ya fi ɗaukar lokaci. A rubuta takardar nema kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a roƙi a buga wa ɗayar tambarin karɓa da kwanan wata a komo da ita gida. Kuɗin da ake biya ya danganta da jiha da yawan shafuka. Ko nawa ne, a karɓi rasit na gwamnati, domin kuɗin da aka danƙa a hannu ba tare da rasit ba babu mai shaidarsa gobe.

Abin da ake karɓowa kuma dole ya zama tabbataccen kwafi. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya zayyana siffarsa: a rubuta a ƙasan takardar cewa kwafin gaskiya ne na asali, a sa kwanan wata, jami'in ya rubuta sunansa da muƙaminsa ya sa hannu, a buga hatimi inda doka ta ba shi ikon amfani da shi. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan ana iya mayar da shi. Kada a bar harabar kotu sai an karanta takardar daga farko har ƙarshe, musamman sunaye. Mun san yadda ake rubuta suna ɗaya ta hanya uku, Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a ta ukun. Idan sunan mamaci a takardar kotu ya saɓa da wanda ke cikin fayil ɗinsa na aiki, haƙƙin marayu na iya maƙalewa watanni ana kai da kawo da takardar rantsuwa. Gyaran da za a yi a teburin rajistara cikin sa'a guda ya fi wannan wahala sauƙi. Idan hali ya yi, a nemi tabbatattun kwafi biyu ko uku tun a karon farko, domin ofisoshi da yawa ba sa karɓar hoton kwafi.

Sai batun sirri, wanda ya fi shafar mu a matsayin masu riƙon amanar yara. Waɗanda shari'ar ta shafa, da lauyoyinsu, da magadansu, su ne ke da saukin samun kwafi. Shari'ar da ta shafi yaro kuwa, dokar 2003 ta taƙaita masu shiga zamanta, ta kuma hana bayyana sunan yaron ko abin da zai sa a gane shi. Don haka ba aikin hedimasta ba ne ya je kotu tonon fayil ɗin iyayen ɗalibinsa. Abin da ya dace, wanda ke da'awar riƙo ya kawo tabbataccen kwafi, a karanta, a adana a ma'ajiyar da ake kullewa, a sanar da sakataren ilimi idan rigimar ta ƙi kwanciya. Kada takardar ta zama abin hira a ofishin malamai, balle a ɗauki hotonta a tura zauren WhatsApp. Yaron da ya ji an san sirrin gidansu a makaranta, karatu ba zai ƙara zama masa da daɗi ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Damar ɗaukaka ƙara daga ƙaramar kotu galibi kwana 30 ce, wanda ya yi jinkirin neman kwafi sai ya koma roƙon a ƙara masa wa'adi. Ko ba don ɗaukaka ƙara ba, yawancin kundin kotunanmu a takarda yake, gara da yoyon damina da gobara ba sa tambayar darajar fayil. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe: a nemi kwafi a makon da aka yanke hukunci, tun magatakarda bai manta inda ya ajiye littafin ba. Idan an biya kuɗi, makonni suka shuɗe babu labari, a rubuta tunatarwa haɗe da hoton rasit da na takardar da aka buga wa tambari. In hakan bai yi ba, a kai kuka a rubuce ga babban magatakardan kotun da ke sama. Marasa ƙarfi suna iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi.

A ƙarshe muna gabatar wa reshe shawara uku. Kwamitin walwala ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su san rajistar kotunan wannan ƙaramar hukuma da sashen gado na Babbar Kotu. A tsara samfurin takardar nema da Hausa da Turanci, a ajiye a ofishin reshe. Sannan idan muka je ta'aziyyar abokin aiki, bayan addu'a, a keɓe da babban cikin dangi a gaya masa takardun da za a nema, tun da matar mamaci tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, ba za ta iya zaryar ofisoshi ba. Gudummawar da muke tarawa takan ƙare cikin makonni, amma haƙƙin aikin shekaru yana iya riƙe marayu har su kammala karatu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a aikinmu.