Jawabin Yaye Malaman Koyar da Karatu

 

A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14. Yaro ga basira, ga lissafi, amma ko sunansa zai rubuta sai haruffan sun sauya wuri. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake karatu, babu mai kamo shi a makarantar. Larurar tana da suna tun kafin nan, disleksiya, wanda likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, ya raɗa mata.

Na taɓa samun irin yaron nan a ajina. Daƙiƙi na kira shi, na kuma bi shi da bulala. Allah Ya yafe mini.

Yau an gane idon mai wannan larura lafiya lau yake. Wahalar tana wajen ƙulla sautin da kunne ya ji da harafin da ke tsaye a madadinsa, kuma sau da yawa gadonta ake yi. Alamunta kan riga shiga makaranta: yaro ya yi jinkirin buɗe baki, ko ya kasa kama amsa-amon waƙar da tsaransa suka iya. Bokonmu ma bai raga masa ba. Ga b da d, ga ɓ da ɗ masu lanƙwasa, sannan garin zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, sai mai karatu ya cike da kansa. A makarantar allo kuwa yakan ɓuya shekaru, ya haddace da kunne, yatsa na bin layi, sai ranar da malam ya nuna masa tsakiyar allo ya ce ja daga nan.

Ƙannena da muke yayewa yau, kun koyi raba wa irin wannan yaro kalma gaɓa-gaɓa, ya furta, ya zana harafin a ƙasa da yatsa, gobe a maimaita. Ku fara tun aji ɗaya, kafin ya tsani littafi. Ku kuma zauna da uwarsa, domin ita ake wa gori a gida.

Da sunan Allah na yaye ku. Allah Ya sa albarka. A fara kiran sunaye.