KIWON GARKEN UBANGIJI A ZAMANIN WAYAR HANNU

Jawabin da aka gabatar a sujadar godiya ta bikin cika shekara 50, Ƙauyen Alu, Tarauni, Kano

Da yawa cikin waɗanda suka ɗauki bulo da ka aka gina wannan majami'a sun riga sun yi barci cikin Ubangiji, ga mu yau muna zaune a inuwar aikinsu.

Kwamitin biki ya roƙe mu mu yi magana a kan zumuntar da muke yi ta waya, watau ta WhatsApp da Facebook da makamantansu. Wataƙila wani zai ce, yau ranar murna ce, me ya kawo zancen waya? To, yawancinku ta waya gayyatar wannan biki ta same ku. 'Ya'yan wannan ekklesiya da aiki ko aure ko rikici ya kai su Jos, Kaduna, Abuja, Legas, har da Ingila, ta waya suka aiko da gudummawarsu. Ashe yanzu taro biyu muke da shi. Ɗaya yana zama a kan benci ranar Lahadi, yana da fasto da dattawa da tsarin sujada. Ɗayan yana cikin aljihu, ba ya tashi dare da rana, kuma ba a taɓa ɗibiya wa kowa hannu domin kiwonsa ba.

Bari mu ɗan waiwaya. A shekara ta 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokansu suka iso Kano, Sarki Aliyu Babba bai yarda su zauna ba, suka juya zuwa ƙasar Zazzau. Sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan shekaru masu yawa ana fassara ana dubawa. A 1943 mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a nan Kano. A 1954 rediyon ELWA ya fara magana daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya, a 1963 kuma Muryar Bishara ta fara daga Addis Ababa, ana shirya shirye-shiryen Hausa a Jos, har 1977 da gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace gidan. Tsofaffinmu suna tunawa da yadda ake kewaye akwatin rediyo ɗaya da yamma, a rubuta wasiƙa, a jira amsa wata guda ko fiye. Sa'an nan aka yi zamanin kaset. Iyayenmu ba su ji tsoron ko ɗaya cikin waɗannan ba, duk sun sa su aikin bishara.

Amma akwai bambanci, kuma shi ne tushen maganarmu. Littafi da rediyo suna da masu tsaron ƙofa. Kafin kalma ta fita sai kwamiti ya duba ta, mai sauraro kuwa nasa sauraro ne. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, balle da manyan wayoyi suka cika kasuwar Farm Centre da ke nan kusa da mu, kowane mai bi ya zama gidan rediyo da kansa. Tun 2022 guruf ɗaya na WhatsApp yana iya ɗaukar mutum 1,024. Yaro ɗan shekara goma sha biyar yana iya yi wa mutanen da suka fi cikin wannan ɗaki magana kafin ya wanke fuska da safe.

Mun ga alherin abin a 2020. A ranar 11 ga Afrilu, ana gobe Ista, aka sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Kano, ranar 16 ga wata aka hana fita, masallatai da majami'u suka kasance a rufe. A waɗannan makonni waya ce ta zama bagadinmu. Da ita aka yi addu'ar safe, da ita Zumuntar Mata suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. A nan ne fastoci suka koyi wa'azin minti goma, gama kuɗin data ba ya haƙuri da dogon bayani, kuma muna zaton ba kowa ne ya yi baƙin cikin wannan ba. Aka kuma gane amfanin saƙon murya da Hausa, domin yana kaiwa ga kakar da ba ta karatu, jikanta ya kunna mata ta ji da kunnenta.

A wannan lokaci ne kuma wata tsohuwar matsala ta fito da sabuwar riga. Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 6. Ekklesiya tana ƙaruwa, ana rabon abinci kullum, sai aka tarar gwauraye na wani ɓangare ba sa samu. Ba mugunta ce ta jawo ba, tsarin ne ya tsallake su, manzanni kuwa ba su yi musu ba, suka sa aka zaɓi mutum bakwai domin aikin. Gwaurayenmu na yau su ne masu ƙaramar waya mai tocila, da waɗanda ba su da ita sam, da magidancin da zai zaɓa tsakanin sayen data da sayen kwanon masara. Idan magatakarda ya ce, "Ai mun sa a guruf," ya ɗauka ya gama sanarwa, to waɗannan ne za su ji labarin jana'izar abokiyarsu bayan an dawo daga makabarta.

Yanzu ga magana mai nauyi. Saƙon ƙarya ba yau ya fara ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa, sura 2, Bulus ya gargaɗe su game da wasiƙar da za a ce daga wurinsa take, a ƙarshen wasiƙar kuma ya sa hannu da kansa domin su gane tasa ta gaske. Abin da ya sake shi ne sauri. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ibola, saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu suka kwanta asibiti, alhali masu turawa ƙauna ce ta sa su. A watan Yuni na 2018, lokacin kashe-kashen da aka yi a Filato, hotuna masu tayar da hankali sun yawata a Facebook, daga baya binciken BBC ya nuna cewa ɗaya cikin waɗanda suka fi yawo tsohon hoto ne daga ƙasar Kwango, amma kafin nan an riga an tare hanya an kashe matafiya. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga ɓarnar, a 2018 ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 ya rage yawan turawa zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya. Idan ɗan kasuwa ya sa wa hajarsa linzami, mu da muke cewa mu mutanen gaskiya ne fa?

Mu mazauna Kano ba ma bukatar a koya mana abin da kalma take iya jawowa. Masu furfura a cikinmu sun ga Oktoba na 1991, sa'ad da tallar taron wa'azin Reinhard Bonnke ta zama sanadin tarzomar da ta ci rayuka da dukiya. A lokacin takardun manna wa bango ne da motar lasifika. A ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi a Sakkwato saboda saƙon murya da ta sa a guruf na ajinsu. A Bauci kuma wata ma'aikaciyar lafiya ta yi fiye da shekara a tsare saboda bidiyon da ta tura a kan wannan al'amari, sai a ƙarshen 2024 kotu ta sallame ta. Muna faɗa a fili, babu saƙon da ya ba kowa ikon ɗaukar ran mutum, kuma ba za mu daina roƙon hukuma ta yi adalci ba. Duk da haka mu makiyaya ne, dole mu gaya wa 'ya'yanmu gaskiya: guruf ba ɗaki ne mai ƙofa ba. Abin da ka faɗa wa mutum hamsin, ɗaya ya isa ya fitar da shi. Magana zarar bunu ce. Shaidar Kiristi ba ta bukatar zagin abin da maƙwabci yake girmamawa, kuma kada mu manta akwai gidajen Musulmi a garin nan da suka ɓoye Kirista a ranar tashin hankali. Bidiyon ba'a da ka tura don dariya, wataƙila ɗan wannan gidan ne zai fara gani.

Akwai kuma asirin 'yan'uwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan a hanyar Zariya, muna zuwa dubiya, wannan daidai ne. Amma ɗaukar hoton majinyaci a kan gado a watsa da sunan roƙon addu'a, ba tare da izninsa ba, cin mutunci ne. Haka kuma faɗin irin ciwon, ko matsalar auren wani. Allah ya san sunan cutar, ba sai guruf ya sani ba. Wanda ya ba da gaskiya sabo, musamman idan danginsa ba su sani ba, kada a sa hotonsa ko na baftismarsa ko'ina. Murnarmu ta minti ɗaya tana iya raba shi da gida.

Ta wajen kuɗi ba za mu tsawaita ba. Waɗanda MMM ta cinye wa jari a Disamba 2016, da yawansu ɗan'uwa ne a majami'a ya shigar da su. Yanzu kuma ɓarayi suna kira da muryar ladabi, su ce akwai taron addu'a ta intanet, a karanto musu lamba shida da ta shigo waya. Wanda ya karanta ya miƙa WhatsApp ɗinsa, sai a shiga roƙon kuɗi da sunansa. Baiko da gudummawa su bi ta asusun ekklesiya da ma'aji ya sanar daga bagadi. Ko muryar fasto kuka ji tana neman kuɗi, ku kira shi tukuna, gama yanzu kwamfuta tana kwaikwayon murya.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda yake ciyar da matasanmu. Muna samunsu sa'a biyu a mako, masu wa'azin Facebook da TikTok suna samunsu kowane dare. A cikinsu akwai bayin Allah na ƙwarai, mu ma muna ƙaruwa da su. Akwai kuma masu sayar da mai da ruwa da annabci, masu cewa a shuka iri a asusunsu kafin gari ya waye. Wannan bai san sunanka ba, ba zai zo sunan ɗanka ba, ba zai tsaya a bakin kabarin mahaifiyarka ba. Hana saurare ba zai yi aiki ba, mun san matasa. Gara mu koya musu halin mutanen Biriya na Ayyukan Manzanni 17, waɗanda ko Bulus sai da suka auna maganarsa da Nassi. Muna so matashi ya iya turo wa dattijo bidiyo ya tambaya ko koyarwar daidai ce, ba tare da tsoron faɗa ba.

Saboda haka muna cewa riƙon guruf, wanda yara suke kira admin, aikin ekklesiya ne kamar na dikin, a kuma duba hali kafin a ba mutum, bisa ga 1 Timoti sura 3. Iya danna waya kaɗai bai isa ba. A haɗa matashi mai sanin na'ura da dattijo ko uwa mai sanin mutane. Waɗanda suka yi zamanin Sabon Rai Don Kowa, da aka fara a shekarun 1960, sun san ƙarfin wannan aiki yana cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne, inda kowa ya san kowa, in wani bai zo ba a lura. Guruf na mutum ɗari uku allon sanarwa ne kawai, a bar shi ga sanarwa. Zumunta ta ainihi sai a ƙarami, na unguwa ko na ƙungiya, inda shugaba zai lura cewa wance ta yi mako uku shiru, ya kira ta.

In ɗan'uwa ya sa abin da bai dace ba, Matiyu 18 bai canja ba domin an ƙera waya. A fara samunsa shi kaɗai. Tsawata wa magidanci a gaban matarsa da 'ya'yansa da surukansa a guruf ba ya kawo tuba, sai gaba. Kuma cire mutum daga guruf ba horon ekklesiya ba ne, admin ba shi da wannan iko, na majalisar dattawa ne. Siyasa kuwa, mun ga yadda zaɓen 2023 ya sa waɗanda suke cin jibin Ubangiji tare suka daina gaisawa. Kowa yana da 'yancin ra'ayinsa, amma ya kai shi wani dandali.

Sujadar da ake nunawa kai tsaye a Facebook, domin majinyaci ce, da matafiyi, da ma'aikaciyar jinya mai aikin Lahadi, da 'ya'yanmu na nesa. Ba domin mai lafiya da ke kwance a Unguwa Uku ko Gyaɗi-Gyaɗi ba ne, wanda kuɗin A Daidaita Sahu kaɗan zai kawo shi. Manzo Yohanna ma, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu, ya nuna ya fi son zuwa da kansa a kan takarda da tawada. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ba a yin baftisma ta waya, ba a kakkarya gurasa ta waya, hoton hannu biyu a haɗe kuma ba ya maye gurbin zaman makoki.

Muna miƙa roƙo ga majalisar dattawa, kafin ƙarshen wannan shekara ta jubili a rubuta sunan kowane ɗan ekklesiya da sanarwar waya ba ta kai masa, a haɗa shi da matashi ɗaya na unguwarsa wanda zai riƙa kai masa labari da ƙafa kowane mako, ya kuma kunna masa wa'azin in ya rasa sujada. Tun da matasan za su shiga waɗannan gidaje da waya a hannu, su nemi izni su ɗauki muryar iyayenmu mata da maza da suka ga farkon wannan wuri: wa ya fara tara mutane, a ina aka fara sujada, yaya aka yi a 1991 da 2004 da 2012. Kwamitin da ya shirya wannan littafi ya sha wuya wajen neman tarihin shekaru goma na farko, domin masu shaida kaɗan suka rage. Duk abin da aka ɗauka a miƙa wa magatakarda, a ajiye kofi biyu, ɗaya a ofishin fasto, ɗaya a hannun shugabar Zumuntar Mata.