Lissafin Kasuwa da Lissafin Aji



Yau maganarmu a kan lissafi ce, lissafin 'yan firamare a nan Abuja.

Ku aiki yarinya kasuwar Wuse ko ta Utako ta sayo rabin mudun shinkafa. Za ta dawo da canji cif. Amma a rubuta mata wannan cinikin a takardar jarrabawa, sai ta tsaya tana tauna biro. Sau da yawa Turancin tambayar ne ke kayar da ita tun kafin ta kai ga lissafin. Kuma irin waɗannan tambayoyi suna jiranta a jarrabawar shiga makarantun haɗaka na Gwamnatin Tarayya, wadda hukumar NECO ke shirya wa 'yan aji 6.

To, ina mafita?

Malam, bar yaro ya faɗi tambayar da harshen gidansu tukuna. Me aka ba shi? Me ake nema?

Ga misali. Hassan da Husaini za su raba lemo 10, Hassan kaso 3, Husaini kaso 2. A zube lemon a tabarma. Kaso 5 ke nan, kowane kaso lemo 2. Hassan ya tashi da 6, Husaini da 4. Yaro ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa.

Iyaye, wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Malaman gado suna fitar da sumuni da sudusi. Mai zakkar kuɗi yana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari.

A daren yau, ku ba ɗanku tambaya ɗaya. Ya bayyana ta tukuna, sannan ya lissafa.

Sai mun sake haɗuwa. Ku huta lafiya.